Ranar da Lahwari Ya Kori Kansa Daga Aiki

Duk unguwar Hamri ta birnin Wahran babu wanda bai san Si Lahwari mai karantika ba, don ko ba ka san shi ba, shi zai sanar da kai kansa kafin ya gama cusa maka yankan a cikin burodi. Shekarunsa talatin da takwas, tumbinsa kan riga shi shiga ko'ina, gashin bakinsa kuwa ya fi kula da shi fiye da tanderunsa. A saman ƙofar ɗan kantin da ya gada wurin mahaifinsa ya sa an rubuta da jan fenti: Sarkin Karantika. A faɗarsa, daga nan har bakin iyaka babu mai kwaɓa garin wake ya gasa shi ya fito da ɓawo ja a sama, ciki yana rawa kamar kindirmo, sai shi.

Abin da ba ya faɗa shi ne, kullum da asuba yayarsa Yamina, wadda ta dawo saman benen gidan tun rasuwar mijinta, ita ke yin kwaɓin ta sauko masa da shi a bokiti. Nasa aikin bai wuce uku ba: ya zuba a faranti, ya tura a tanderu, ya yi surutu.

Wata safiya ya bi ta gaban gidan waya, ya tarar da layi har ya sha kwana. Ya tambaya, aka ce masu karɓar tallafin marasa aikin yi ne. Bai ko tsaya sayen abin da ya fita saye ba, ya juyo kai tsaye zuwa gidan gahawar Ammi Kaddur da ke fuskantar kantinsa, inda mazan layin ke kashe rana da wasan domino.

"Jama'a, ashe mu ne wawayen ƙasar nan," in ji shi yana jan kujera. "Ni ina tsaye gaban wuta tun safe har girata ta ƙone, wasu kuwa ana biyansu duk wata don ba su yi komai ba."

Jilali mai kifi, wanda tun suna makarantar firamare shi da Lahwari ba su taɓa barin juna sun sha ruwa ba, bai ko ɗago kai ba ya ce, "To ai kai ma ka cancanci rabi. Yamina ke aikin, kai ke hira."

"Kai dai je ka wanke hannu kafin ka sa baki a maganar manya. Ƙarninka ya riga ra'ayinka isowa."

Ammi Kaddur, dattijon da ya ga haihuwar su biyun, ya ajiye masa ɗan kofi ya ce, "Ɗana, wannan kuɗin na waɗanda suka nemi aiki suka rasa ne. Kai kana da kanti."

"Ammi, doka kamar kwaɓin karantika take. Sai wanda ya san inda ake ƙara mata ruwa."

"Sai a tambayi Yamina ke nan," in ji Jilali.

Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta jawo komai. Lahwari ya miƙe, ya kama gefen gashin bakinsa da yatsu biyu, ya ce kowa ya shaida: nan da wata biyu zai sha gahawa a wannan kujerar da kuɗin tallafi, kantinsa kuma yana nan nasa. In bai yi ba, a kira wanzami a aske masa gashin bakin a tsakiyar titi.

Washegari ya sa kwat ɗin da yake zuwa biki da shi, ya nufi ofishin masu neman aiki riƙe da wata takarda da ya ɓata rabin yini yana tsarawa. Aka tura shi teburin wata mata mai tabarau da sarƙa, Madam Warda, irin mutanen nan da ba sa ɗaga murya don ba su taɓa buƙata ba. Ya shimfiɗa mata takardar, ya langaɓar da kai.

"An kore ni, Madam. Shekara goma sha ɗaya ina bauta, rana ɗaya aka nuna mini ƙofa."

"Wa ya kore ka?"

"Mai kantin. Mutum ne marar tausayi, ba ya jin maganar kowa."

Ta karanta har ƙasa. "Mai kanti, Lahwari Bin Zarga. Kai kuma sunanka?"

"Lahwari Bin Zarga."

"Ɗan'uwanka ne?"

"Na kusa ƙwarai."

Ta zare tabarau ta dube shi. "Si Lahwari, hannun da ya rubuta an kore ka, shi ne ya rubuta na karɓa cikin baƙin ciki. Har tabon mai ɗaya ne a kan sa hannun biyu."

"To, a wane shafi doka ta ce mutum ba zai kori kansa ba? Nuna mini."

Ba ta yi fushi ba. Ta ɗaga yatsu biyu ta ce ƙofofi biyu gare su. Ta farko ta ma'aikacin da wani ya ɗauka ne, ana cire masa kuɗin inshora a albashi, sannan aka sallame shi ba da laifinsa ba. Shi kuwa ba ma'aikacin kowa ba ne. Ta biyu ta wanda ba shi da aiki, ba shi da sana'a, ba shi da kanti da sunansa. Shi kuwa ga rajistar kantinsa nan a kwamfuta tana kallonsa.

"In kantin ya rufe fa?"

"In ya rufe da gaske aka soke rajistar, ko ya bar hannunka gaba ɗaya, ka dawo mu duba."

Cikin duk bayanin nan kalma biyu kaɗai suka shiga kunnen Lahwari: ka dawo. Ya fito yana murza gashin baki. Da aka tambaye shi a gidan gahawa yadda aka yi, ya ce matar ta rikice da hujjojinsa har ta roƙe shi ya ba ta lokaci.

Sabuwar dabarar mai sauƙi ce. Zai kwashe kayan kantin, ya ɗauki hotonsa wayam, ya ja ƙofa, ya kai wa Madam Warda shaidar karyewa. In kuɗi suka fara shigowa ya sake buɗewa a hankali. Ya jira ranar Talata da Yamina ta tafi garin Mustaganim ganin 'yarta, don ya san ba za ta yarda ba, kuma dama in ba ta nan babu kwaɓi. Ya ƙi aske gemu, ya zura tsohuwar baƙar jallabiyar mahaifinsa don ya fito kamar talaka a hoton. Ya fito da kujerun kantin goma sha biyu ya jera su a jikin bango. Garin sauke kanta, gwangwanin garin barkono ya kife masa a fuska. Ya lalubo hanya ya fito, ya ja ƙofar ƙarfen har ƙasa, ya faɗa kan kujera ɗaya, idanu jajur, hawaye na bin kumatu.

A Hamri kuwa, in aka ga ƙofa a rufe da rana tsaka, ga kujeru a jere a gabanta, ga maigida cikin baƙaƙen kaya yana share ido, ba a tambayar me ya faru. Abin da ake tambaya shi ne wa ya rasu.

Tela ne ya fara zuwa. Ya zauna kusa da shi, ya dafa masa gwiwa ya ce, "Sai haƙuri, Si Lahwari." Lahwari ya ji daɗi a ransa. Ashe labarin karyewar kantin har ya fara yawo, ga shaidu suna kawo kansu kyauta. Ya ja dogon numfashi, ya girgiza kai ya ce a bar shi kawai, ba ya iya magana. Mai gyaran takalmi ya zo ya zauna. Mai burodi ya zo da gari a hannunsa. Can wata maƙwabciya, Halti Zuhra, ta ɗaga kai ta ga tagar Yamina a rufe, babu shanya a igiya, ta tuna tun jiya ba ta ji motsinta ba. Ta dafe ƙirji ta koma ciki da sauri. Kafin azahar labari ya kai kasuwa ya dawo.

Ammi Kaddur ya sauke ƙofar gidan gahawarsa rabi, ya sa aka tsallako da nasa kujerun. Lahwari bai fara zargin akwai matsala ba sai da ya ga Jilali ya taho a natse, ya wanke hannu har da turare. Jilali ya rungume shi ya ce, "Duk abin da ke tsakaninmu wasa ne, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Yamina. Unguwar nan kaf ta ci daga hannunta."

Sai a lokacin Lahwari ya gane makokin wa ake yi. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ga liman ya iso ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ya ce a ransa bari a shafa addu'a tukuna, ba a katse malami. Ana shafawa sai ga akushin kuskus da naman rago daga gidan Halti Zuhra, don gidan da aka yi rashi ba ya hura wuta. Tun safe ko ruwa bai sha ba. Ya ce a ransa bari a ci tukuna, mai yunwa ba ya jin bayani. Yana riƙe da ƙashin haƙarƙari, mai na bin hannunsa, tasi ta tsaya a gaban kujerun.

Yamina ta fito. Gajeriyar mace ce, ba ta da saurin magana. Ashe tana zaune tana ɓare wake a Mustaganim wayar 'yarta ta yi ƙara, aka yi wa yarinyar ta'aziyyar uwar da ke gefenta. Ta tsaya da jakarta a hannu tana duban taron. Tela ya saki cokali. Liman ya soma wani karatun daban.

"Ku ci gaba da ci," in ji ta, "kada in katse muku. Wa ta yi kuskus ɗin?"

Wani ya ce Halti Zuhra ce.

"Da nama haka? Ranar sunan jikana ko ƙwai ba ta aiko ba. Ashe jira take in mutu." Ta juya ta bi kujerun da ido. "Goma sha biyu ka fitar mini, Lahwari? Mijina da ba ya gaishe da kowa sai da aka jera masa arba'in."

"Yaya, wallahi ni ban ce kin mutu ba."

"Ka ce ina raye?"

Ya dubi ƙashin da ke hannunsa. Ƙashin bai taimake shi ba.

Jilali ya share hawayensa, ya ce a ba shi turarensa da ya ɓata. Ammi Kaddur ya sa aka kwashe kujerunsa, kafaɗunsa na ta rawa don dariya har ya tsallaka titi.

A sama, Lahwari ya zayyana mata komai, yana jiran tsawa. Tsawar ba ta zo ba. Yamina ta cire mayafi ta ninke, ta ce, "Wato matar ta ce sai in kantin ya bar hannunka."

"Haka ta ce."

"To ka ba wa wani mana."

Nan take fuskarsa ta washe, kamar shi ya haifi tunanin. "Yaya, abin da nake shirin faɗa ke nan. Zan mayar da shi sunanki. A takarda kawai."

"A takarda kawai," in ji Yamina.

A ofishin lauya sau uku mutumin yana tambayarsa ko ya fahimci abin da yake sa wa hannu, cewa kanti da tanderu da faranti da suna duk sun zama na yayarsa. Lahwari ya ce shi da ya gigita ofishin gwamnati guda ba za a koya masa karatun takarda ba. Ya sa hannu da wani dogon lanƙwasa har ya fita layi.

Wannan karon Madam Warda ta duba kwamfuta ta ce, to, yanzu babu kanti da sunansa, za a iya rubuta shi. Amma ya saurara da kyau. Ba a fara biya sai an gama bincike, wata ɗaya ko biyu. Kuma nan ba gidan rabo ba ne, aiki suke nema wa mutane. In suka samo masa ya ƙi sau biyu, za a goge sunansa.

"Aiki, a garin nan?" Lahwari ya yi dariya. "Masu digiri ma suna layi, Madam."

Ta miƙa masa fom. A gurbin da aka ce ya rubuta abin da ya iya, layi ɗaya aka bari, ya cika uku: gwanin karantika na ɗaya a yammacin ƙasa, masanin sirrin kwaɓi, ƙwararre a yanka da tarbar jama'a.

Da safe ya sauko zai shiga kanti kamar kullum, ya tarar da Yamina a bakin ƙofa ta ɗaura atamfar aiki a ƙugu.

"Ina zuwa?"

"Kantina."

"Rufa mana asiri. Mai neman tallafi ba ya taɓa faranti. In mai bincike ya gan ka fa? Tsallaka wurin Ammi Kaddur ka yi zaman rashin aikinka da kyau."

Ya ga maganarta da hankali, har ya yaba wa kansa da ya zaɓe ta. Ya tsallaka ya zauna. Daga wannan kujerar ya kalli abin da bai taɓa zato ba. Kwana na uku mai fenti ya jingina tsani, ya shafe Sarkin Karantika, ya rubuta Wurin Yamina da shuɗi. Lahwari ya yi tsalle ya je, ta ce ai don masu bincike ne. Ta wanke bangon da ya shekara goma bai ga ruwa ba, ta ce don masu bincike ne. Ta daina ƙara wa kwaɓin ruwa, abin da shi yake yi a ɓoye don bokiti ɗaya ya zama ɗaya da rabi. Kuma da yake ba ta tsayar da mutum ta ba shi tarihin kanta kafin ta miƙa masa burodi, layi ya riƙa tafiya. Cikin mako biyu direbobin tasi suka gano wurin, ma'aikatan asibiti suka biyo su, faranti uku suka koma bakwai.

Shi kuwa yana can tsallake yana ba da umarnin da babu mai ji.

"Yaya, yankan ya yi girma. Yaya, rage barkono, tsada gare shi."

"Ka ji marar aikin da ya fi kowa aiki a ƙasar nan," in ji Jilali. "Ammi, a ƙara masa gahawa, muryarsa ta dushe."

Da azahar Yamina kan aiko masa da yanka ɗaya a takarda, ta ce a faɗa masa wannan na marasa aiki ne, sadaka. Yakan ci yana ƙunƙuni. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya fi nasa daɗi nesa ba kusa ba.

Ana haka takarda ta zo daga ofis: ana neman mai sauke akwatunan kifi a tashar jiragen ruwa. Jilali ya ce shi ma a can yake saro kaya, zai riƙa ba shi na shan ruwa in ya yi sauri. Lahwari ya ninke takardar ya mayar da amsa cewa sarki ba ya dako. Ammi Kaddur ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Saura ɗaya, ɗana." Ya ce su dai su zuba ido.

Ranar Alhamis ɗin da wata biyu ke cika, layin Wurin Yamina ya kai har gaban shagon tela. Gidan gahawa ya cika maƙil, don kowa ya san ranar ce. Jilali ya zo da wanzamin unguwa ya zaunar da shi a gaba, ya saya masa gahawa, wanzamin ya ajiye jakarsa a kan tebur.

"Yau fa, Si Lahwari," in ji Jilali. "Tallafi babu, kanti babu. Garin neman gira an rasa ido, yanzu kuma gashin baki zai bi su."

Lahwari ya ji jini ya hau masa ka. Ya taka kujera ya hau, yadda na ƙarshen layi ma zai ji shi.

"Wa ya ce babu kanti? Wannan layin da kuke gani nawa ne. Tanderu nawa, faranti nawa, sirrin kwaɓi nawa. Yamina riƙo take yi mini. Takarda ai takarda ce. Ni na tsara komai, na shiga ofishin nan na juya su kamar waina, matar da ke wurin har yanzu ba ta san ta ina na bi ba."

Wata mata a tsakiyar layi ta juyo a hankali. Tabarau ne a wuyanta, rataye da sarƙa.

"Barka da rana, Si Lahwari," in ji Madam Warda. "Abokan aikina sun dame ni da labarin wurin nan, na ce tunda zan zo cin abincin rana bari in taho maka da takardarka. Sai na ji kamar ana cewa kantin na wani ne."

Lahwari ya sauko daga kujerar da ƙafa ɗaya, ɗayar ta manta.

"Wasa muke yi, Madam. Wasan unguwa."

"Madalla. Don in naka ne a ɓoye kana neman tallafi a sarari, wannan ba teburina zai je ba, teburin alƙali ne. To kantin na wane ne?"

"Na Yamina ne," ya ce a ciki-ciki.

"Ammi Kaddur kunnensa ya yi nauyi," in ji Jilali. "Ɗaga murya."

"Na Yamina ne! Tanderu nata, faranti nata. Ko cokali ba ni da shi a ciki."

"Kowa ya shaida," in ji Yamina daga bayan kanta, ba ta ko daina yanka ba.

Madam Warda ta buɗe jaka ta miƙa masa ambulan. Ta ce ya yi sa'a, ba kasafai ake samun aikin da ya dace da mutum haka ba. Wata mai kantin abinci ta kawo musu buƙatar ma'aikaci, kwamfuta na dubawa ta fito da sunansa a sama, saboda abin da ya rubuta da hannunsa. Wannan ne tayi na biyu. Lahwari ya buɗe, ya karanta sunan titin, ya karanta lambar gidan, ya ɗaga kai ya dubi lambar da ke saman ƙofar da aka haife shi a bayanta.

"Yaya, ke ce kika…"

"Aiki ya yi mini yawa, ga shi kana gani," in ji Yamina. "Na je inda ake samun marasa aiki. Matso, ba na ɗaukar mutum sai na yi masa tambayoyi."

Mutanen layi suka dare suka ba shi hanya. Ya tsaya a gaban kantar da ya shekara goma sha ɗaya a bayanta.

"An rubuta nan kai masanin sirrin kwaɓi ne. Gari mudu ɗaya, ruwa nawa?"

Lahwari ya dubi sama. "Daidai gwargwado."

"Gishiri kafin ruwa ko bayan ruwa?"

"Ya danganta da yanayin gari."

"Ƙwai nawa ake fasawa a ciki?"

"Ana sa ƙwai?"

Dariyar da ta tashi sai da tantabarun saman masallaci suka watse. Tela ya riƙe ciki ya jingina da bango. Madam Warda ta sa tabarau ta cire, ta sake sawa.

Yamina ta jira aka lafa, ta ce, "Kwaɓi bai iya ba. Amma yanka ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba, babanmu ya koya masa da kyau. Na ɗauke shi gwaji. Sharaɗi biyu: ba ya taɓa bokiti da ruwa, ba ya yi wa mai saye magana fiye da sannu da zuwa. Ranar da ya kwaɓa faranti ɗaya da hannunsa Ammi Kaddur ya cinye yankansa bai nemi ruwa ba, mu koma wurin lauya a rubuta sunansa kusa da nawa."

"Ka karɓa, ko in rubuta ka ƙi?" in ji Madam Warda, alƙalami a hannu.

Ya karɓa. Ta taya shi murna, ta ce daga yau ya fita daga sahun marasa aiki, fayil ɗinsa ya rufe ba a kai ga biyansa ko dinari ɗaya ba, kuma ita a ba ta yanka biyu, ɗaya da barkono. Shi ya yanka mata. Wanzami kuwa bai yi asarar zuwa ba. Ammi Kaddur ya roƙa a yi sassauci, Jilali ya ce ya ji, a aske gefe ɗaya kawai. Lahwari da kansa ya ce a haɗa da ɗayan.

Bayan wata guda gashin bakin ya fara tsirowa, dabara ma ta tsiro tare da shi. Da asuba, yana tsaye a kicin ɗin sama yana juya kwaɓinsa na goma sha tara, wanda ya yi gudaji kamar na goma sha takwas, ya ajiye muciya ya matso kusa da Yamina.

"Yaya, na tuna wani abu. Matar nan ta ce ƙofofi biyu ne. Ta farko ta ma'aikacin da wani ya ɗauka, ana cire masa inshora, sannan aka sallame shi. To yanzu ai ni ma'aikaci ne na gaske." Ya rage murya. "Ki kore ni. A takarda kawai."

Yamina ta leƙa bokitin, ta tsoma yatsa ta murza gudajin.

"In kore ka? Mutumin da ya rufe kanti ya yi mini zaman makoki har idonsa ya kumbura? Me Hamri za ta ce da ni?" Ta mayar masa da muciyar a hannu. "Kai da aiki sai ranar da aka jera kujerun gaske. Juya, gari ya kusa wayewa."